Kalmar "charge" ta Turanci: daga lodin amalanke zuwa cajin waya da tuhumar kotu

Wani ɗan'uwa ya aiko mini da tambaya, ya ce a yini guda ya ci karo da kalmar Turanci "charge" har sau huɗu, kuma kowane karo da wata fuska ta zo masa. Da safe ya gan ta a wayarsa sa'ad da ya jona ta da wuta, da hantsi banki ya turo masa saƙon cewa an cire masa wasu 'yan kuɗi da sunanta, da rana ya karanta ta a labarin wani mutum da aka gurfanar a gaban kotu, da yamma kuma ya tarar da ita a ƙofar wani ɗaki a asibitin unguwarsu, inda aka rubuta "officer in charge". Tambayarsa ita ce, shin kalma ɗaya ce take wannan yawo, ko kuwa kalmomi ne daban-daban da suka yi kama a rubutu, sannan ta yaya mutum zai gane wadda ake nufi.

Malam, kalma ɗaya ce, kuma tushenta ɗaya. Akwai kalmomin da kamarsu a rubutu kawai ta tsaya, kamar yadda garin da ake zama a cikinsa da garin da ake tuƙa tuwo da shi ba su haɗa komai ba sai haruffa. "Charge" ba ta cikin wannan rukuni. Ta fi kama da kalmarmu ta "ci", wadda muke cin abinci da ita, mu ci jarrabawa, mu ci kasuwa, mu ci bashi, wani ya ci sarauta, wani kuma ya ci amana, ba tare da Bahaushe ya taɓa ruɗewa ba, domin yana jin zaren da ya ɗaure su gaba ɗaya. Zaren da ya ɗaure ma'anonin "charge" shi ne ɗora kaya. Idan ka riƙe wannan, ba sai ka haddace ma'anoni goma sha daga ƙamus ba.

Rumawa suna da kalmar "carrus", wadda suka aro daga mutanen Gol, mazauna ƙasar da a yau ake kira Faransa, kuma tana nufin keken ɗaukar kaya, irin abin da mu za mu kira amalanke. Daga ita aka samu aikatau "carricare" a Latin na baya-baya, harshen Rumawa, wato yi wa amalanke lodi. Bakin Faransawa ya tauna kalmar har ta koma "chargier", sannan ta haye teku zuwa Ingila bayan shekarar 1066, lokacin da Wiliyam na Normandi ya ci ƙasar da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da na kotu har tsawon ƙarnoni. A rubuce-rubucen Turanci na ƙarni na 13 an riga an fara ganinta da ma'anar kaya ko nauyi. 'Yan'uwanta na jini suna nan a Turancin yau: "car" da "carry" da "cargo" duk daga amalanken nan suka fito. Abin da ya faru daga baya shi ne, Turanci ya bar wa kalmar "load" aikin lodi na zahiri, irin wanda ake yi a tasha, wadda mu ma muka are ta muke cewa lodi, ita kuwa "charge" sai ta koma ɗaukar kayan da ido ba ya gani.

Na farko a cikin waɗannan kaya shi ne nauyin kula da wani abu, kuma a nan Hausa da Turanci tunaninsu ya zo ɗaya sak. Muna cewa an ɗora masa nauyi, nauyi ya rataya a wuyansa, ya ɗauki nauyin marayu. "Officer in charge" da ka gani a asibiti shi ne jami'in da aka ɗora wa nauyin wurin, wanda idan wani abu ya lalace shi za a tambaya. "Take charge" kuwa shi ne mutum ya karɓi ragama, sau da yawa a lokacin da abubuwa suka rikice babu mai tsawatarwa. Amma akwai wani ɗan tarko a nan da na ga ya kama ɗalibai masu yawa a shekarun da na yi ina koyarwa. "The nurse is in charge of the children" na nufin yaran suna hannun ma'aikaciyar jinya. Idan aka ƙara ƙaramar kalmar "the" aka ce "in the charge of", sai magana ta juye: "The children are in the charge of the nurse" ita ce daidai, domin wanda aka ambata da farko shi ake kula da shi. Na taɓa duba takardar neman aiki da wata ɗalibata ta rubuta, tana so ta ce ita ke kula da ɗakin magani, sai ta sa "the" ɗin nan, maganar ta koma cewa ɗakin magani ne ke kula da ita. Haruffa uku ne, amma da sun isa su sa mai ɗaukar aiki ya ajiye takardar, alhali yarinyar ta san aikinta. A fagen diflomasiyya ma wannan ma'anar ce a cikin "chargé d'affaires", wanda Turanci ya bari da rigarsa ta Faransanci, wato jami'in da ke riƙe da ofishin jakadanci idan babu jakada, kuma Yarjejeniyar Biyana ta 1961 kan hulɗar jakadanci ta tanadi matsayinsa.

Kaya na biyu kuɗi ne. Tun a ƙarni na 14 Turawa suke kallon biyan kuɗi a matsayin nauyin da ake ɗora wa mutum, kamar yadda mu ma muke cewa an ɗora wa talakawa haraji. Abin lura shi ne wanda yake aikata aikin. Mai sayarwa ko mai yi maka hidima shi ne yake "charge", kayan kansu "cost" suke yi, kai kuma mai saye "pay" kake yi. Saboda haka ana cewa "The mechanic charged me five thousand naira for the repair", amma ba a tambayar kuɗin buhun shinkafa da "How much does it charge?", domin buhu ba ya ɗora wa kowa komai. Ka lura da "for" a jimlar bakaniken, ita ce ke nuna abin da aka biya kuɗin dominsa. Idan kuwa aka ce "charge it to my account", ana nufin a rubuta shi a kaina, a ɗora shi a asusuna. Galibi ana amfani da "charge" ga kuɗin aiki ko hidima, shi ya sa banki ke kiran abin da ya zare maka na saƙon waya ko na kula da asusu "charges", otal kuma ya ƙara maka "service charge". Farashin kayan kasuwa "price" ne, kuɗin makaranta ko na lauya "fee", kuɗin mota "fare", tarar da hukuma ke ci kuwa "fine". "Free of charge" kyauta ce, "overcharge" kuma tsawwalawa. Masu harka da bashin banki za su haɗu da wata ma'anar a takardun lauyoyi, inda "charge" a kan gida ko kadarar kamfani ke nufin jingina: bashin yana zaune a kan kadarar kamar kaya a kan jaki, duk inda ta je da shi za ta je har sai an biya.

Cajin waya kuwa ta hanyar bindiga ya zo, kuma wannan ne ɓangaren tarihin da ya fi burge ni. Duk wanda ya taɓa ganin mafarauci yana ɗura wa bindigar toka albarushi, yana dannawa da sanda, ya ga ainihin abin da Turawan ƙarni na 16 suke kira "to charge a gun", shi kansa albarushin da ake zubawa na harbi ɗaya sunansa "a charge", harbawar kuma "discharge". A tsakanin 1745 da 1746 masu bincike a Jamus da kuma birnin Laidin na ƙasar Holan suka gano wata kwalba da ke iya tara wutar lantarki, ta riƙe ta, sannan ta sake ta gaba ɗaya da tartsatsi da ƙara idan an taɓa ta. Benjamin Franklin, masanin kimiyya ɗan Amurka, wanda yake gwaje-gwajensa a Filadelfiya a ƙarshen shekarun 1740, yana ɗaukar lantarki a matsayin wani abu mai gudana da ake iya ɗurawa a kuma juye, don haka ya yi amfani da kalmomin 'yan bindiga, ya ce ana "charge" ɗin kwalbar ana kuma "discharge" ɗinta. Shi ne kuma ya kira jerin irin waɗannan na'urori "battery", sunan da sojoji ke bai wa jerin igwa, wanda ya zama batir a bakinmu.

A kimiyyar yau "charge" suna ne na wata sifa da ƙwayoyin zarra ke ɗauke da ita, mai iri biyu, kuma ana auna ta da ma'aunin kulom, don tunawa da Bafaranshen nan Charles-Augustin de Coulomb da ya bayyana dokarta a 1785. Lambar da kake gani a kwalin waya, kamar 5000 mAh, ma'aunin wannan abu ne, kuma daidai take da kulom 18,000. Sai dai hoton ɗura ruwa a randa bai dace da abin da ke faruwa a cikin batirin wayarka ba. Caja tana tilasta wa ƙwayoyin sinadarin litiyam ne su ƙaura daga ɓangare ɗaya na batirin zuwa ɗayan, idan ka fara amfani da wayar sai su riƙa komawa inda suka fito, wannan komawar ce ke ba da wuta. Kalmar ta ci gaba da riƙe tsohon hoton ko da yake ilimi ya wuce shi. Daga nan ne kuma aka sami "a charged atmosphere", wato wurin da zukata suka cika, kowa na jiran abin da zai tashi, wanda bai yi nisa da abin da matasanmu ke nufi ba idan suka ce kai ya ɗau caji.

Ma'anar kai farmaki ba ta buƙatar dogon bayani. "Charge at" shi ne afka wa abu a guje da dukkan nauyin jiki, kamar yadda sa ke yi idan ya fusata, ko mahaya idan suka saki linzami. A ranar 25 ga Oktoba 1854, a yaƙin Kirimiya, mahayan Birtaniya fiye da 600 sun yi sukuwa kai-tsaye zuwa bakin igwar Rashawa a Balakalaba saboda kuskuren isar da umarni, kuma har yau wannan ne misalin da Bature ke fara tunawa idan an ambaci "cavalry charge". Wanda ya ga jahi a hawan salla ya san siffar abin. Shi ya sa tsohon Turanci ke kiran dokin yaƙi "charger", kalmar da a yau take nufin cajar waya.

Hausa ta ari kalmar tun zamanin Turawa, kuma yadda muke furta ta yana nuna daga bakin wa muka ji ta: Turawan Ingila ba sa furta harafin "r" a irin wannan wuri, shi ya sa muka ce caji, da an ji ta daga Amurkawa da wataƙila wata sura ta ɗauka. Muna da caji ofis, muna sa waya a caji, muna neman caja, mai gyara ya caje mu kuɗi kaza. Amma akwai inda cajinmu ya rabu da nasu. Idan Bahaushe ya ce 'yan sanda sun caje motarsa, bincike yake nufi, kuma "charge" ba ta da wannan ma'ana ko kaɗan, kalmar da ake buƙata ita ce "search". Wanda ya rubuta "The police charged my car" bai faɗi abin da yake nufi ba. Haka nan "ba ni da caji" ba ta zama "I don't have charge", Bature zai ce "My battery is low" ko "My phone is dead". Katin waya da muka saba kira "recharge card" tun shigowar wayar salula ta GSM Najeriya a 2001, a Ingila "top-up" ake ce masa. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka yi karatu da Faransanci su ma sai sun yi hattara, domin a Faransanci "charger" har yanzu tana nufin yi wa mota lodi na zahiri, kuma ita ce a cikin "télécharger", sauke abu daga intanet, amma Bafaranshen Faransa ba ya amfani da ita wajen yanka wa mutum kuɗin aiki kamar yadda Baturen Ingila ke yi.

Na bar ma'anar shari'a zuwa yanzu domin ita ce wadda kuskure a cikinta ke cutar da mutane. Yadda Hausa ta ɗebo alƙali da hukunci da shari'a da tuhuma daga Larabci, haka Turanci ya ɗebo "court" da "judge" da "bail" da "charge" daga Faransanci, harshen da aka riƙa yin shari'a da shi a Ingila har sai da dokar 1362 ta ce a koma yin muhawarar kotu da Turanci. Hoton bai canza ba, ɗora wa mutum laifi ne, kamar yadda mu ma muke faɗa. Amma a tsarin shari'a "charge" mataki ne guda mai iyaka. Kowa yana iya zargin kowa, wannan shi ne "accuse" ko "allege". Kamawa "arrest" ce. "Charge" ita ce tuhuma a hukumance, a rubuce, da ke fayyace wane laifi, a ina, yaushe, kuma wane sashe na doka aka karya, sannan a karanta wa mutum a tambaye shi ko ya amsa. Samun mutum da laifi "convict" ne, yanke masa hukunci kuma "sentence". Tsakanin tuhuma da samu da laifi akwai shari'a gaba ɗayanta. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma da laifi ana ɗaukarsa marar laifi har sai an tabbatar, kuma wajibi ne a sanar da shi abin da ake tuhumarsa da shi cikin harshen da yake fahimta. Ɗan jaridar da ya fassara "charged with theft" da cewa an kama wane da laifin sata ya yanke wa mutum hukunci kafin alƙali, kuma a garuruwanmu irin wannan tabo ba ya goguwa ko da kotu ta wanke shi daga baya. Fassarar da ta dace ita ce ana tuhumarsa da sata.

Ba na manta wani dattijo da na gani a harabar wata kotu lokacin da nake aikin tafinta. Wani ma'aikaci ya fito da fayil a hannu ya gaya masa cikin gaurayen Hausa da Turanci cewa an riga an yi cajin ɗansa. Dattijon ya sa hannu a aljihun 'yar-cikinsa, ya ciro wata leda da ya naɗe kuɗi a ciki, ya fara kwancewa yana tambaya nawa ne. Cajin da ya sani shi ne na kuɗi, ya ɗauka idan ya biya zai tafi da yaronsa gida a ranar. Sai da na ja shi gefe muka zauna a kan benci na yi masa bayanin cewa tuhuma aka rubuta, za a karanta wa yaron, akwai maganar beli, kuma babu wani kuɗi da doka ta ce ya miƙa wa kowa a wannan mataki. Ya daɗe yana kallon ledar kafin ya mayar da ita. Da ya gamu da marar tsoron Allah a wannan rana, da kuɗin nan sun tafi, kuma shari'ar tana nan daram.

Akwai wani tarko kuma da ya fi wannan laushi, domin jimlolin biyu sura ɗaya gare su. "He was charged with murder" na nufin ana tuhumarsa da kisan kai. "The committee was charged with investigating the murder" kuwa na nufin an ɗora wa kwamitin nauyin binciken kisan. Duka biyun "charged with" ne, na farko laifi aka ɗora, na biyu aiki. Abin da zai raba maka su shi ne abin da ya biyo bayan "with": idan laifi ne, tuhuma ce, idan aiki ne na halal da hukuma ke iya ba wa mutum, to amana ce aka danƙa. Nahawu kaɗai ba zai taimake ka ba, domin ana iya cewa "charged with stealing a goat" da irin ginin da aka yi wa jimlar kwamitin. Dole sai ka tambayi kanka ko abin da aka ambata abin hukuntawa ne. Sauran maganganun kotu da za ka riƙa gani a jarida suna bin hoton kayan nan: "face charges" fuskantar tuhuma, "drop charges" janye ta, "trumped-up charges" kuma tuhumar ƙage. "Charged to court" da jaridun Najeriya ke yawan rubutawa salon Turancinmu ne na gida, kowa ya gane shi a nan, amma idan rubutunka na waje ne gara ka ce "charged with" ka ambaci laifin.

Tunda "charge" ɗorawa ce, kishiyarta "discharge" saukewa ce, kuma tana bin ta duk inda ta shiga. Jirgin ruwa yana "discharge" ɗin kayansa a tashar Apapa, batir yana yi idan wutarsa na ƙarewa, asibiti yana yi wa marar lafiya idan ya sallame shi, mai yi wa ƙasa hidima yana karɓar "discharge certificate" bayan shekararsa, "discharge a duty" kuwa ita ce sauke nauyi, daidai da yadda muke faɗa ba ragi ba ƙari. A kotu sai an ƙara lura. Idan aka ce "discharged" kawai, an sallami mutum ne daga tuhumar da ke gaban kotu a lokacin, wataƙila don masu gabatar da ƙara sun janye ko sun kasa kawo shaidu, kuma sau da yawa ana iya sake kama shi a sake gurfanar da shi a kan maganar. Idan kuwa aka ce "discharged and acquitted", an sallame shi kuma an wanke shi, sashe na 36 ɗin nan kuma ya hana a sake yi masa shari'a a kan wannan laifi, sai dai in babbar kotu ce ta ba da umarni. Don haka idan wani naka ya dawo gida daga kotu, ka nemi ganin takardar hukuncin, ka duba ko kalma ɗaya aka rubuta ko biyu, domin a kan wannan ne lauyansa zai gaya muku ko maganar ta mutu ko tana iya tasowa.